Na Daina Buga Ƙwallon Raga, Ta Ina Zan Fara Koci?

Tambaya: Na daɗe ina buga wa wani kulob ƙwallon raga, har gwiwa ta tilasta mini ajiyewa. Yanzu an ba ni yara 'yan sakandare in horar, ba ni da takardar koci. Atisayen da aka ba mu shi nake ba su, amma uku sun fara kukan gwiwa, iyaye sun soma magana. Raki ne, ko ni nake kuskure?

Amsa: Malam, ba raki ba ne, kuma ka dakatar da tsalle ga yaran nan uku tun yau.

Batun takarda mai sauƙi ne. Hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, tana da kwas na koci mataki uku, ta hannun hukumar ƙasa ake shiga. Ka yi rajistar matakin farko, ka jure jeka-ka-dawo na ofis, don wannan ba ya ƙarewa. Kafin nan ka nemi gogaggen koci ka zauna a ƙarƙashinsa. Karch Kiraly na Amurka yana da zinare uku na Olamfik, 1984, 1988 da 1996, amma a mataimaki ya fara da 'yan matan ƙasarsu a 2009, sai a 2012 aka ba shi ragama, zinare a matsayin koci kuwa sai a Olamfik ta Tokiyo. Lang Ping ta Sin ta ci zinare a 1984 tana 'yar wasa, ta koma karatu da aikin mataimakiya a jami'ar New Mexico, ta horar a Italiya, ta kai Amurka ga azurfa a 2008, sannan ta ci wa Sin zinare a 2016.

Abin da ya fi damuna shi ne maganarka ta "atisayen da aka ba mu". Wannan ce cutar tsofaffin 'yan wasa: haka aka yi mana, ga mu nan. Ina kuke? Kai da kanka gwiwa ce ta fitar da kai. Waɗanda atisayen ya karya tun suna shekara 15 ba a ƙirga su, sun koma gida.

Yaro mai tasowa, namiji tsakanin 12 da 15, mace ɗan ƙasa da haka, ƙashinsa yana riga jijiya tsawo. Jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa tana manne da saman ƙwauri, wurin kuma bai gama ƙwari ba. Kowace dira tana fizgar wajen. Ka danna da yatsa ƙasan ƙoƙon: in ka ji ɗan tudu, yaron ya zabura, to ga matsalar nan. Sannan a ɗauki irin wannan yaro a sa shi tsallen kwaɗo ya zagaye fili a kan siminti, wai horo ne don ya makara. Wane littafin koci ya faɗi haka?

Ka riƙa ƙirga tsalle, har da na sara (dukan ƙwallo da ƙarfi daga saman raga) da na tarewa a raga. Ga masu farawa kada ya wuce 60 zuwa 80 a zama guda, kuma a bar awa 48 tsakanin ranakun tsalle mai nauyi. Sauran ranakun a yi karɓar ƙwallo, sabis (bugun fara wasa) da ƙarfafa cinya. Koya musu dira kafin tashi: ƙafa biyu tare, gwiwa a lanƙwashe, tana kallon yatsun ƙafa. In ka tsaya a gabansu ka ga gwiwoyi suna faɗowa ciki, musamman 'yan mata, jijiyar cikin gwiwa ce ke cikin haɗari. Ciwon da ya kwana har safe alama ce atisaye ya yi yawa, a rage rabi.

Masu allura a kemis kuwa, Allah ya shirye su. Allurar kashe ciwo da ake sokawa cikin jijiyar gwiwa tana raunana ta, yaro ya ji garau ya koma tsalle har ta tsinke. Mai ɗori ma ba aikinsa ba ne, babu abin da ya karye balle ya goce. Gwiwar da ta kumbura, ko take sarƙewa, ko aka ji ƙara lokacin dira, asibitin ƙashi za a kai ta. Ka kira iyayen yaran ukun nan ka faɗa musu haka da bakinka, kafin wani ya riga ka kai su wurin mai allura.