Kan zuba jerin masu neman takardar ɗan asali a ChatGPT

Malam, ka tambaya ko halas ne ma'aikacin ƙaramar hukuma, kamar Fagge ko Dala, ya zuba jerin masu neman takardar shaidar ɗan asali a ChatGPT don ya tsara masa. A'a, muddin akwai suna, lambar NIN ko lambar waya a ciki. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi ofisoshin gwamnati, kuma abin da ka liƙa yana tafiya ne kwamfutocin kamfani a ƙasar waje. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta cutar da mutane, awa 72 doka ta bayar a sanar da NDPC, hukumar kare bayanai ta Najeriya.

In dole ne, goge sunaye, lambobin NIN da na waya, ka ba kowa lamba, ka riƙe rajistar asali a ofis. ChatGPT ya tsara maka wasiƙa ko ƙidayar mazaɓu, wannan ba laifi, amma a duba, don yakan gurɓata sunayen unguwanni irin su Yakasai da Gwammaja, har ya ƙirƙiro wadda babu. Hana mutum takarda kuwa aikin jami'i ne da zai sa hannu, bayan shaidar mai unguwa, ba na ChatGPT ba.