Tafkin Tison ko Nyos: ina za mu kai yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Yola nake. Ni da maigida muna son kai yaranmu Kamaru a hutun Disamba, su ga tafkin da ke cikin bakin mataccen dutse mai aman wuta. Shi ya dage sai Nyos saboda ya yi suna, ni kuma an yaba mini Tison. Wanne za mu zaɓa, kuma me za mu saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ku tafi Tison, ki lallashi Alhaji.

Sunan da Nyos ya yi na makoki ne. A daren 21 ga Agusta 1986, iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ruwan ta ɓalle, ta gangara kwaruruka, ta hallaka mutum fiye da 1,700 da dubban shanu, da yawa suna cikin barci. Tun 2001 aka kafa bututu yana zuƙe iskar a hankali, don haka ba ita ce babbar fargabata ba. Hanyar ce. Tafkin yana yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, inda ake fama da rikicin 'yan aware, kuma ba wurin shiga da ƙananan yara ba ne.

Tison kuwa 'yar tafiya ce daga cikin Ngaundere, babban birnin yankin Adamawa na Kamaru. Za ku gan shi da hantsi, da la'asar ku leƙa fadar Lamiɗo. Fulatanci ko Hausa za su fisshe ku a kasuwa.

Wajen sayayya, fara da takalmi mai kama ƙasa ga kowane yaro. Silifas ba ya gangare. Sai rigunan sanyi. Ngaundere ta haura mita 1,000 a bisa teku, kuma ɗan Yola da ya saba da zafi zai ji asubahinta har cikin ƙashi. Ruwan sha da guzuri ku ɗauka daga gari.

Kada ki sayi robar iyo da ake hurawa. Irin wannan tafki bakinsa yakan zurma gaba ɗaya, taku kaɗan ƙafa ta rasa ƙasa, robar kuma yaudarar yaro take yi ya shiga. Kallo daga tudu ya wadatar, hannun auta yana cikin naki.

Ku ɗauki shatar mota maimakon acaɓa, ku daidaita kuɗin kaiwa, jira da dawowa tun kafin a tashi. Ku tafi da fasfo, domin Kamaru ba ta cikin ECOWAS, da katin rigakafin shawara, ku kuma canzo sefa.