Kunkurun Zare: Abin da Za a Saya da Abin da Za a Bari a Kasuwa

Makonnin nan yawancin saƙonnin da suka iso gare ni sun taru a kan abu ɗaya, wato 'yan dabbobin da ake saƙawa da kwarashi a cusa musu abu mai laushi a ciki, kuma kunkuru ne ya fi ɗaukar hankalin mutane. Sunan wannan saƙa amigurumi, kalma ce ta mutanen Japan da suka haɗa daga kalmarsu ta saƙa da kalmarsu ta 'yar tsana mai cushe, kuma wayar hannu ce ta kawo mana ita har Damagaram. Na ɗauki tambayoyi huɗu, domin duk sauran suna cikin waɗannan.

Tambaya ta farko, daga wata uwa a unguwar Birni: "Inna, ina gaisuwa. Na iya saƙa hular jarirai, amma ban taɓa saƙa dabba ba. Ina so in yi wa ɗana mai wata 10 kunkuru irin wanda nake gani a bidiyo, na zare mai kauri da laushi kamar karan-miski. Wata mai kawo kaya daga Kano ta ce za ta samo mini, sai dai kuɗin dunƙule biyu ya kusa cinye jikka biyar da na ware. In saya, ko in nemi wani?"

'Yata, kada ki saya yanzu. Na san abin da ya ja ranki, domin ni ma ya taɓa jan nawa, kuma a hoto babu zaren da ya kai shi kyau. Amma ki duba yadda aka yi shi. Gashi ne na roba, gajere, da aka matse tsakanin siraran zaruruwa a tsakiya, ba a murɗe shi kamar sauran zare ba. Duk lokacin da kika yi kuskure kika warware, gashin yana zubewa ya bar miki siririn zaren tsirara, kuma idan kika ja shi da ƙarfi wajen tsuke zoben farko da ake fara saƙar da shi sai ya tsinke. Mai koyo kuwa dole ta warware sau da yawa. Abin da ya fi wannan wahala shi ne gashin yana ɓoye ƙulle-ƙullen saƙar, ba ki ganin inda za ki soka kwarashi sai dai ki lalube da yatsa, alhali wannan saƙa gaba ɗayanta ƙirga ce.

Sannan ki tuna wanda kike yi wa. Yaro mai wata 10 ba da ido yake sanin abu ba, da baki yake saninsa. Na taɓa saƙa wa jikata kunkuru da irin wannan zare, kuma ranar da na ciro gashi kore daga bakinta na ɗauke shi na ajiye a saman sif, har yau yana can. Bayan baki akwai ƙasa. Abin wasan yaro a garinmu yana kwana a tabarma, yana yini a tsakar gida, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin komai. Zare mai gashi yana riƙe ƙura, yana kuma buƙatar ɗauraya da yawa kafin sabulu ya fita, ke kuwa kin san darajar ruwa a Damagaram, inda gidaje da yawa sai sun jira 'yan garuwa.

Ki nemi zaren auduga mai matsakaicin kauri, ko wanda aka gauraya auduga da roba. Yana nuna kowane ƙulli sarai, yana jure wanki, kuma yana riƙe siffar abin da aka saƙa. Idan ba ki samu ba, zaren ulu na roba da kike saƙa hula da shi zai yi, sai dai yana tara 'yan ƙudaje a jikinsa bayan wanki kaɗan. Mai sayarwa zai iya ce miki auduga ce alhali shi ma bai sani ba, saboda haka ki roƙi ɗan guntu ki gwada a gida da ashana, nesa da yara. Auduga tana ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi. Zaren roba yana narkewa ya dunƙule ya zama baƙin abu mai tauri. Ulu na ainihi yana warin ƙonannen gashi. Ki kuma jiƙa guntun ki goga a farin ƙyalle, idan ya bar launi to zai bar shi a bakin yaro ma.

Wajen kuɗi, kada girman dunƙule ya ruɗe ki, tsawon zaren za ki duba a takardar da ke jikinsa. Zaren karan-miski na Turkiyya irin su Himalaya Dolphin Baby giram 100 ne amma mita 120 kawai ke ciki, yayin da YarnArt Jeans, mai auduga kashi 55 cikin ɗari, giram 50 ne da mita 160. Kunkuru mai girman tafin hannu ba zai cinye giram 50 na kowane launi ba, don haka dunƙule ɗaya na ƙoƙon baya da ɗaya na jiki sun ishe ki, har ki samu saura.

Ina da ra'ayi a kan launi, kuma zan faɗe shi. Kunkurun da ake nunawa a bidiyo yawanci na teku ne, kore, mai faffaɗan hannuwa na iyo. Namu na Sahel, wanda wasu gidaje ke kiwo a tsakar gida, launin yashi ne da ruwan ƙasa, ƙafafunsa gajeru masu kauri, kuma a duniya kunkurun tsibiran Galapagos da na Aldabra ne kaɗai suka fi shi girma cikin masu zama a tudu. Ki saƙa wa ɗanki wanda zai gane ran da ya gan shi yana tafiya. Launin ƙasa ya fi ɓoye dauɗa, gajerun ƙafafu kuma sun fi sauƙin saƙa da sauƙin ɗinkewa.

Tambaya ta biyu, daga wata ɗaliba a Zango: "Gwaggo, na saƙa nawa har na gama, amma farin abin da na cusa yana leƙowa ta ramuka, bayan kuma ya fito da tsini kamar mazurari. Kwarashina lamba 4 ne. Wata ƙawata ta ce in zuba gero a ciki don ya yi nauyi ya zauna daidai."

Kwarashin ne ya yi miki girma. Lambar kwarashin da ake rubutawa a jikin dunƙule an yi ta ne domin riga da mayafi, inda ake son saƙa ta saki jiki. A nan akasin haka ake so, saƙa mai tauri wadda haske ba ya ratsawa, saboda haka ki sauka da milimita ɗaya ko fiye daga abin da aka rubuta. Ga zaren auduga matsakaici, kwarashi mai milimita 2.5 ko 3 ya dace. Ki sayi na ƙarfe, ki shafa bakinsa da yatsa kafin ki biya, domin wanda ke da kaushi zai riƙa tsaga zare. Na roba siriri yana lanƙwasa a matsattsiyar saƙa har ya karye. Ba ki da buƙatar jakar nan mai kwarashi goma sha biyu, guda biyu masu kyau sun fi ta amfani.

Tsinin kuwa daga ƙirga yake. Ana fara zobe da ƙulli 6, zagaye na biyu ya zama 12, sai 18, 24, 30, 36, wato ƙarin 6 a kowane zagaye. Muddin kina ƙara 6 saƙar za ta kwanta kamar faifai, ranar da kika daina ƙari sai ta lanƙwasa ta zama ƙoƙo. Idan kika ƙara 3 ko 4 maimakon 6, mazurari za ki samu. Da yake saƙar tana juyawa ne babu tsayawa, ki saƙala guntun zare mai wani launi a farkon kowane zagaye don kada ki ɓace. Wajen ragi, ki ɗauki madaukin gaba kaɗai na ƙulli biyu ki haɗe su, wannan yana toshe ramukan da ragi ke bari. Idan kina bin bayani da Faransanci za ki ga ms, shi ne gajeren ƙullin da ake yin aikin duka da shi, aug ƙari ne, dim ragi ne. Mutanen Amurka suna rubuta sc ga wannan ƙulli, na Ingila kuma dc, alhali dc a wurin Amurkawa wani dogon ƙulli ne dabam, kuma wannan saɓani ya ɓata wa masu koyo da yawa aiki.

Shawarar gero ki bar ta. Hatsi yana jawo ƙwari da ɓera, yana kumbura ya yi funfuna ran da aka wanke shi, kuma idan ɗinki ya buɗe zai tafi bakin yaro ko hancinsa. Haka shinkafa, haka wake, haka tsakuwa. Mafi kyawun cushe shi ne farar audugar roba da ake yin matashin kai da ita, kuma sau da yawa sayen sabon ƙaramin matashi a farke shi ya fi araha a kan neman ta a ƙulle. Audugar rimi, wadda iyayenmu suka saba cusawa a matashi, tana da laushi da rashin nauyi, amma tana dunƙulewa bayan wanki, tana fitar da ƙura, wuta kuma tana kama ta nan take. Guntayen soson katifa suna sa jikin ya yi ƙulu-ƙulu. Ƙyallayen tela za su yi a tsakiyar ƙoƙon baya idan an wanke su an yayyanka ƙanana, kuma su ne za su ba ki nauyin da ƙawarki ke nema. Ki riƙa cusawa kaɗan-kaɗan, kina turawa da gindin fensir.

Tambaya ta uku, daga wani magidanci a Garin Malam: "Hajiya, ni ban iya saƙa ba, saye zan yi wa 'yata mai shekara 2. An nuna mini ɗaya mai baƙaƙen idanu na roba masu ƙyalli, aka ce ba sa cirewa. Kuma zuciyata tana ɗan waswasi a kan shigar da siffar mai rai cikin gida."

Malam, Allah Ya raya ta. Idanun da aka nuna maka suna da wani ɗan marfi a baya da ke riƙe su, kuma a jikin yadi mai tauri suna kamawa sosai. A jikin saƙa kuwa akwai rami tsakanin kowane ƙulli da ɗan'uwansa, ramin yana buɗewa da tauna da wanki, har idon ya fito tare da marfinsa. Dokokin kayan wasa na Turai da Amurka sun hana ƙananan abubuwa masu cirewa a kayan yara 'yan ƙasa da shekara 3, kuma ma'auninsu wani ɗan bututu ne mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa ana ɗaukarsa abin da zai iya shaƙe yaro. Idon kunkuru bai kai rabin wannan ba. Ka ce wa mai saƙar ta yi maka wani, ta ɗinka idanun da baƙin zare, ta ɓoye ƙullin a ciki. Maɓalli da duwatsun ado da abin da aka manna da gam duk hukuncinsu ɗaya. Kafin ka biya, ka ja kan da ƙafafu huɗu da wutsiya da ƙarfin da kake tsammani daga 'yarka, ka matsa ƙoƙon baya ka ga ko cushe zai leƙo. Mai saƙar da ta san aikinta ba za ta ji haushin wannan ba.

A kan waswasin, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa a cikinsu akwai doki mai fukafukai. Da wannan malamai da yawa suka keɓe kayan wasan yara daga hanin siffofi. Ka kai maganar gaban malamin da kake karatu a wurinsa. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, ana iya saƙa shi babu ido babu baki, kuma yarinya mai shekara 2 za ta rungume shi haka nan.

Tambaya ta huɗu, daga Mirriya: "Yaya, na saƙa guda biyar ina so in fara sayarwa, nawa zan sa musu?"

Ƙanwata, ki fara da lissafin abin da kika kashe, zare da cushe da kuɗin mota zuwa Kasuwar Dole, ki raba shi a kan adadin da suka fito. Sannan ki duba agogo a kan guda ɗaya daga zoben farko har ɗinkin ƙarshe, ki sa wa kowace awa kuɗin da za ki yarda a biya ki. A nan mata da yawa ke cutar kansu, suna ƙirga zare su manta da idanunsu da wuyansu. Ba za ki iya karawa da kayan wasan roba na masana'anta wajen arha ba, kuma wanda ke neman na dala ɗari ba naki ba ne. Masu sayenki su ne masu neman abin kai wa mai jego ranar suna, don haka ki haɗa kunkurun da hula ko takalmin jariri masu launi ɗaya ki sayar a tare. Idan wani ya zaɓi launi na musamman, ki karɓi rabin kuɗin kafin ki sayi zaren, kuma ki sayi duk abin da aikin ke buƙata rana ɗaya daga kwali ɗaya, domin lambar rinin da ke jikin takarda idan ta bambanta, launin ma yakan bambanta, kuma a bayan kunkuru ake fara ganinsa.