Na'urorin taimaka wa mai cutar Parkinson tafiya

'Yar'uwa, kin tambaya ko na'urar da ake ɗaurawa a jiki za ta taimaki Baba, wanda cutar Parkinson, mai sa karkarwa da taurin jiki, ke kafe masa ƙafafu a bakin ƙofa. Tana taimakawa, amma ba ta warkarwa, domin tushen matsalar ƙarancin sinadarin dopamine ne a ƙwaƙwalwa, wanda ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki. Wata na'urar ana maƙala ta a takalmi, ta haska layi a ƙasa don ya tsallake, sai dai hasken kan ɓace a cikin hasken ranar Kaduna. Wata kuma tana fitar da sauti daidai da takun ƙafa. Kafin ku kashe kuɗi, ku zana layuka da alli a tsakar gida ku gwada, sannan ku nemi shawarar likitocin gashin ƙashi a asibitin Barau Dikko.