Da gaske Gandiroban Shadowlands ne ya ƙulla komai tun farko?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na koma buga World of Warcraft bayan na jima ban taɓa shi ba, sai na tarar da labarin Shadowlands, inda ake shiga duniyar matattu. Wani abokina ya dage cewa tun zamanin Warcraft III aka tsara cewa Jailer ne ke juya komai a ɓoye, kuma wai masoya wasan sun gano hakan tun kafin kamfanin ya faɗa. Ni kuwa ina ganin shaci-faɗi ne kawai. Wa ke da gaskiya a tsakaninmu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya haɗa maganganu biyu ne a baki ɗaya. Cewa masoya wasan sun riga kamfanin Blizzard faɗin wasu asirai, wannan haka ne. Cewa an tsara labarin tun shekaru ashirin baya kuwa, a nan ba ni tare da shi.

Shadowlands, ɗaya daga cikin manyan ƙarin da ake yi wa wasan, ya fito a Nuwamban 2020. A tatsuniyar wasan, domin tatsuniya ce marubuta suka zauna suka ƙaga, duk ran da ya bar gangar jiki yana zuwa birnin Oribos, inda wata alƙaliya mai suna Arbiter ke duba rayuwarsa ta tura shi inda ya dace: Bastion, Maldraxxus, Ardenweald, Revendreth, ko wani wurin daban. Sai alƙaliyar ta sume, rayuka nagari da miyagu duk suka riƙa zubewa cikin Maw, kurkukun da Zovaal ke riƙe da shi. Shi ne Jailer ɗin, ni Gandiroba nake ce masa. Me ya sumar da ita? Wasan ya yi shiru, daga nan hasashe ya ɓarke.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Argus. Abin da aka nuna wa 'yan wasa kawai shi ne wani jan haske ya faɗo ya doki alƙaliyar a ƙirji. Mutane suka zauna lissafin lokaci. A farkon Legion, wani ƙarin wasan da ya riga Shadowlands, rayuka na isa inda ya kamata, don ga Ysera, wadda ta mutu a lokacin, can a Ardenweald. Amma lokacin da Sylvanas, shugabar ɓangaren Horde a lokacin, ta ƙone Teldrassil, katuwar bishiyar da al'ummar night elf ke zaune a kanta, a 2018, waɗanda suka mutu a wutar duk Maw suka faɗa. To wace babbar mutuwa aka yi a tsakani? Argus, ran wata duniya mai wannan suna, wanda 'yan wasa suka kashe da hannunsu a yaƙin Antorus a ƙarshen 2017, yana cike da jan haske. Sai a kashin Eternity's End na Shadowlands, da ya fito a Fabrairun 2022, aka tabbatar da cewa ransa ne ya yi ɓarnar. Wato mu ne muka lalata kotun ba mu sani ba.

Haka maganar maƙerin nan da ke ɗaure da sarƙa a hasumiyar Torghast, wanda ya manta ko shi wane ne. Sarkin Maldraxxus, Primus, ya ɓace. Ga wani tsoho a ɗaure da ya san sirrin ƙera makamai fiye da kowa. Biri ya yi kama da mutum. Kashin Chains of Domination da ya fito a Yunin 2021 ya nuna shi ɗin ne. A nan kuma aka tabbatar cewa Zovaal ne alƙalin farko kafin 'yan'uwansa su tsige shi, abin da wasu suka hango daga ramin da ke ƙirjinsa da kuma dunƙulen da ke ƙirjin Arbiter. An kuma bayyana cewa Elune, allahiyar wata a labarin, da Sarauniyar Hunturu ta Ardenweald 'yan'uwa ne.

Ka lura da abin da ya haɗa waɗannan duka: kowanne yana da shaida a cikin Shadowlands ɗin kansa, ko hoto, ko rubutu, ko lissafin lokaci. Marubutan ne suka ajiye alamun da gangan. Kuma kada mu cika yabon masu hasashen, domin akwai masu tonon fayilolin wasan tun yana matakin gwaji, suna fito da muryoyi da rubuce-rubucen da ba a sake su ba. Wani "hasashen" leƙen takardar jarrabawa ne.

Yanzu ga inda abokinka ya zame. Warcraft III ya fito a 2002, The Frozen Throne ya biyo baya a 2003. A can, Kil'jaeden na rundunar Burning Legion ne ya mayar da Ner'zhul Lich King, wato sarkin rundunar gawarwakin da aka tayar, aljanun Nathrezim kuma bayin wannan runduna ne. Babu Zovaal, babu Oribos, ko sunansu ba a ambata ba. Shadowlands ne ya zo daga baya ya ce hular Lich King da takobin Frostmourne daga Maw suka fito, kuma Nathrezim 'yan leƙen asiri ne da Denathrius, sarkin Revendreth, ya ƙirƙira. Masoya wasan sun gano wannan na ƙarshe da wuri, gaskiya ne, amma daga wata wasiƙa da aka ajiye a Revendreth a 2020 suka gano shi, ba daga tsohon wasan ba. Faci ne aka ɗinka wa tsohuwar riga. A cikin labarin, Gandiroba ya daɗe yana ƙulle-ƙullensa. A teburin marubuta kuwa baƙo ne da ya zo jiya.

A ganina wannan facin ne ya sa da yawa suka juya wa labarin baya. Arthas, yariman da ya zama Lich King daga baya, wanda mutane suka shafe shekaru suna tausayinsa suna kuma tsoronsa, an wayi gari ya koma ɗan aiken wani da ba a san shi ba. Ƙarshensa ma ɗan guntun haske ne da ya dushe a gaban Jaina da Uther da Sylvanas, bai furta ko kalma ɗaya ba. Ni dai wannan bai yi mini daɗi ba.

Akwai hasashen da Shadowlands ya rufe bai warware ba. Da Zovaal zai mutu, ya ce duniyar da kanta ke rabe ba za ta tsira daga abin da ke tafe ba, bai kuwa faɗi mene ne ba. Da yawa sun ce iyayengijin Void, wato ƙarfin duhu, yake nufi, musamman da Xal'atath, wata halittar Void, ta fito fili a The War Within a 2024. Wasu sun ce wani ƙarfi ne na bakwai, ban da manyan ƙarfi shida da labarin ya ce su ke juya duniyar. Idan abokinka ya zo maka da ɗaya daga cikinsu, ka ce ya nuna maka wurin da aka faɗa a cikin wasan, da shekarar da aka sa shi.