Kafin ki sayi magani, fita ki duba furen

Wata Hajiya daga Asawase a Kumasi ta rubuto: "Malam, na shuka kabewa da kokwamba a bayan gida. Ganye ya yi kyau, fure kuwa ba a magana, amma da 'ya'yan sun kai girman yatsa sai su yi rawaya su zube. Mai shagon kayan gona ya ce in sayi takin fesawa mai riƙe fure. In saya?"

Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Gobe in Allah ya kai mu, da gari ya waye sosai, ki fita ki tsaya a kan kabewar nan kamar minti goma. Furenta da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya yanƙwane, kuma ba ya sake buɗewa. Iri biyu ne a jikin yaɗo ɗaya. Namiji yana kan siririn tsinke dogo, mace kuwa tana da ɗan ƙulli a gindinta, shi ne 'yar kabewar da kike jira. Garin nan rawaya da ke cikin namiji sai an kwashe shi an kai wa mace, ga shi da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Aikin ƙudan zuma ne. Za ki ga ya kutsa har gindin furen, ya fito jikinsa buɗu-buɗu da gari, ya faɗa na gaba. In bai zo ba, ƙullin nan zai yi rawaya ya faɗi ko da kin yi masa wanka da taki.

In kin tsaya ba ki ga ko ɗaya ba, ki tsinki namiji, ki yage ganyen furen, ki goga tsakiyarsa a tsakiyar macen. Na kokwamba ƙanana ne, gashin kaza ya isa. Ki kuma daidaita ban ruwa, domin yau jagab gobe ƙamas shi ma yana zubar da 'ya'ya. Amma ki tambayi kanki me ya kori zuman, ko wani a gidan yana feshi. Wasiƙa ta gaba taki ce ke ma.

Wani matashi daga Tafo Zango: "Kawu, abokina da ke aiki a gonar koko yana sayar da maganin ƙwari a robar ruwa, rabin kuɗin na shago. Ya ce ba ƙwaron da yake bari. Ina so in riƙa fesa wa kuɓewa da gauta da attaruguna duk mako."

Ɗana, abin da abokinka yake yabon maganin da shi, shi ne aibinsa. Ba ƙwaron da yake bari, to har da mai kai maka garin fure ke nan. Kuma ka yi haƙuri, yau a kanka zan sauke abin da ya daɗe yana cina, domin ba kai kaɗai ba ne. Ka zaga wajen kasuwar Kejetia ko kowace tashar mota, za ka ga ruwa ruwan madara ko ruwan ƙasa a robar da aka sha ruwa aka yar, ba suna, ba takarda, mai sayarwa yana rantsuwa da iyayensa cewa "mai ƙarfi ne". Mutumin da zai yi rabin awa yana cinikin tumatir, yana juya kowane ɗaya yana dubawa, shi ne zai miƙa kuɗi ya karɓi guba bai tambayi sunanta ba.

A dokar Ghana, duk maganin ƙwari sai hukumar kare muhalli ta EPA ta yi masa rajista, mai sayarwa ma sai da lasisi. Takardar da ke jikin kwalba ba ado ba ce. A nan ake rubuta sunan sinadarin, da amfanin gonar da aka yarda a fesa wa, da yawan da za a zuba a ruwa, da ranar lalacewa, da kwanakin da za a jira kafin a tsinki abin a ci. A ƙasanta akwai zirin launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Robar abokinka wanne ne a ciki? Shi kansa bai sani ba. Ko an tsarma ruwa ne, ko ya lalace tun bara, ko an haɗa iri biyu, ba mai gaya maka. In kuwa yaro ya ga robar a ƙarƙashin benci ya kurɓa, abin da likita zai fara tambaya shi ne sunan maganin, kai kuma sai ka tsaya kana zare ido.

Sannan maganin koko an yi shi ne domin akate, ƙwaron da ke tsotsar itacen koko. Wasu daga cikinsu, irin masu sinadarin imidacloprid da thiamethoxam, ba a saman ganye suke tsayawa ba, shiga jikin shuka suke yi su bi ruwanta har cikin fure. Wankewa ba ta fitar da su, kuma zuman da ya sha ruwan furen ya sha da su. Saboda illarsu ga zuma ne Tarayyar Turai ta hana amfani da su a fili a 2018. Kai kuma kana so ka zuba su a kan kuɓewar da ake tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, da yamma ta shiga miyar tuwon zafi. Yaushe za ka jira kwanakin da aka ce a jira?

Tunda ka ambaci koko, ka tambayi abokin naka wa ke yi wa furen koko barbara. Ba zuma ba ne, wani ɗan mitsitsin ƙuda ne wanda bai kai sauro ba, yana hayayyafa a ruɓaɓɓen ganye da ɓawon koko a ƙarƙashin itace. Kaɗan ne ƙwarai cikin furen koko ke zama 'ya'ya, shi ya sa a 2017 hukumar koko ta Ghana, COCOBOD, ta fara ɗaukar dubban matasa aiki suna bi fure fure da hantsaki suna yi da hannu. Abin da ƙwaro ke yi kyauta, in ya yi ƙaranci, albashi ake biya a kansa. Hukumar abinci ta duniya FAO ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na ire-iren amfanin gonar da ɗan Adam ke ci suna dogara, ko da kaɗan ne, da waɗannan halittu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne feshin "duk mako". Ka ga ƙwaro ko ba ka gani ba, Asabar ta yi, a ɗauko famfo. Wannan ɓarnar kuɗi ce tsagwaronta. Lambun bayan gida kwanciya nawa ne? Ka ɗaga ganye ka duba bayansa. Tsutsa ka tsince ta da hannu ka ba kaji. Ƙananan ƙwarin nan masu taruwa a kan toho suna nannaɗe ganye, ruwan sabulun salo mara kauri yana maganinsu. Ga 'ya'yan dogon yaro, a daka a jiƙa su kwana a tace. In abin ya gagara sai an sayi na shago, to ka nemi malamin gona na gundumarku ya ga ƙwaron tukuna, ka sayi ƙaramar kwalba a rufe da hatiminta, ka karɓi rasit, ka auna yadda aka rubuta, ba "murfi biyu don ya ji" ba. Feshi da yamma liƙis, lokacin da zuma ya koma gida, kuma ba a kan buɗaɗɗen fure ba. Ko na dogon yaron ma haka. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a zuba mata manja ko kananzir.

Robar abokinka kuwa, ko kyauta ya ba ka kada ta kwana a gidanku.

Daga Sawaba: "Gwandata shekara guda tana fure a kan dogayen tsinkaye, ba ta taɓa ɗa ba. Wane taki zan saya?"

Babu. Namiji ne, ba zai haihu ba. Mace furenta manya ne, manne da jikin itacen. In maƙwabta suna da mata ka bar musu shi, manyan malam-buɗe-littafin dare ne ke kai garin tsakaninsu bayan magariba. Nan gaba ka shuka uku ko huɗu a rami ɗaya, in sun yi fure ka zaɓa. Duk mai dashe da ya rantse maka cewa wannan ɗan tsiron mace ce tun bai yi fure ba, cika baki yake.

Wani ya aiko da hoton wani irin fure na Turai da ya gani a Facebook, yana tambaya ko ya tura kuɗi ta waya, wato momo, a kawo masa "don jawo zuma".

Zuman Kumasi Turai ya je karatu? Ka bar ɗoɗɗoya biyu su yi fure maimakon ka tsinke kansu, ka bar zogale ya yi nasa, ka watsa riɗi a gefen katanga. Da rani ka ajiye ruwa a faranti da tsakuwa a ciki don su samu wurin sauka, ka riƙa sauyawa duk bayan kwana biyu saboda sauro. Kuɗin momo ka saya wa yara burodi.

Wata uwa daga Aboabo: "Baba, jiya zuma ya taru dunƙule guda a reshen mangwaron tsakar gidanmu. Gidan haya ne, yara sun fi goma. Mazan gidan sun ce a haɗa kuɗi a sayo fetur a ƙone shi. Ban yi barci ba."

'Yata, kwantar da hankalinki, kin yi daidai da kika tambaya kafin a kunna ashana. Wannan dunƙulen baƙi ne masu wucewa. In gidan zuma ya cika, tsohuwar sarauniya takan fita da wani ɓangare na jama'arta, su sauka a reshe su lulluɓe ta, wasu kuma su tafi neman kogo. Galibi cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki sukan tashi da kansu. A wannan halin ba su da saƙa ko 'ya'yan da za su kare, don haka ba su cika faɗa ba, sai an tsokane su. Amma zuman ƙasarmu ba ya ɗaukar raini. A hana yara jifa, a matsar da murhu da turare daga gindin itacen, a kwance akuyar da ke ɗaure a wurin, domin dabbar da ke ɗaure ba ta iya gudu. Fetur kuwa a gidan da ɗakuna ke manne da juna, wayoyin lantarki a sama, ki gaya wa mazan gidan cewa ni na ce a'a. Sau da yawa waɗanda wuta ba ta ci ba su ne ke bin mutane.

In sun wuce kwana uku, ko kin ga sun shige silin, ku je ofishin gona ku nemi a haɗa ku da mai kiwon zuma ya zo da dare ya kwashe. In an harbi yaro, a kankare ƙarin da farce nan take, a sa ruwan sanyi. Kumburin wurin ba abin tsoro ba ne. Amma in fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko harbin ya yi yawa, a tafi asibiti mafi kusa ko Komfo Anokye ba tare da jira ba, ko a kira 112. Allah ya tsare mana zuri'a.

Wani Alhaji daga Alabar ya sayi zuma a tasha, babbar roba sidi 30. Ya tsoma ashana ta kama, tururuwa ba ta hau ba, yana so in tabbatar masa mai kyau ce, zai riƙa lasa wa jikansa ɗan wata huɗu.

Alhaji, araha ba ta ado. Ka kwatanta kuɗin nan da na sukari, ka tuna lita guda ta zuma tana kusan kilo 1.4, sai ka ba kanka amsa. Gwajin ashana da na tururuwa da na ɗigawa a ruwa duk ba hujja ba ne, dafaffen sukari mai kauri yana cinye su. Daskarewa ma ba alamar jabu ba ce, zuma ta gaskiya tana daskarewa. Wadda ke kumfa tana tsami an ɗebe ta ne ba ta nuna ba, ruwanta ya haura kashi 20 cikin ɗari. Ka sayi mai lambar hukumar abinci da magunguna ta FDA a jiki, ko ka sami mai kiwo da ka sani daga wajen Kintampo ko Atebubu, ka yi ciniki da rani lokacin ɗiba.

Batun jika kuwa, ranka ya daɗe, ko zumar da ka ɗiba da hannunka ce kada a ba jaririn da bai cika shekara ba. Takan ɗauki ƙwayar wata cuta mai shanye jiki wadda hanjin babba ke iya kashewa, na jariri ba ya iyawa. Warakar da Suratun Nahli ta ambata tana nan, zai same ta in ya girma. Kai ma in kana da ciwon sukari, cokali ɗaya cokali ɗaya.

Wani saurayi yana so ya sayi amya biyu ya ɗora a kan rufin gidansu a Sabon Zango.

A'a. Rufin kwano da zafin rana, ga makarantar allo a ƙasa, rigimar da za ka jawo ta fi zumar. In da gaske kake, ka nemi gona a ƙauye, ka fara bin mai kiwo kana koyo, ka sayi rigar kariya da abin hayaƙi kafin akwatin. Ka kuma sani akwati fanko ake sayarwa, sai ka shafa masa kaki ka jira zuma ya ga dama. In sha'awa ce kawai, akwai ƙananan zuma marasa harbi, har cibiya aka yi musu a Abrafo kusa da dajin Kakum. Je ka gani tukuna.

Ta ƙarshe, daga Yalwa: wani baƙin ƙwaro ƙato mai ƙugi yana huda katakon rumfa, a sayi wane feshi?

Fenti za a saya. Katakon da aka shafe bai cika huda shi ba. Ƙwaron nan shi ne ke kama furen tumatir da gauta ya girgiza har garin ya zubo, abin da ƙudan zuma ba ya iyawa. A jingine masa wani busasshen gungume a bayan gida, ramin da ya bari kuma a toshe.