Ka je lokeshan, amma ka je a ɗan koyo

Ɗana, na kwana da tambayar da ka yi mini jiya bayan mun gama ɗaukar amshi. Ka ce wani furodusa ya ji waƙarka ta biki, ya ce fuskarka za ta karɓi kyamara, yana so ya ba ka rol a fim mai dogon zango, kana neman shawarata. Ka karɓa, ka je lokeshan, wato wajen ɗaukar fim, amma ka saurare ni tukuna.

Hanyar nan ba kai ne farkon binta ba. A Kannywood waƙa da fim a kwano ɗaya suke ci. Sani Danja da Adam A. Zango sun haɗa waƙa da rawa da fitowa a fim. Umar M. Shareef ya daɗe yana rerawa wasu jarumai suna hawa kan muryarsa, sai a 2017 Ali Nuhu ya ɗora shi jarumi a Mansoor, jama'a suka haɗa muryar da fuskar. Ado Gwanja ma ya taka duka biyun. Shi kuwa Nura M. Inuwa da murya ya yi sunansa, kuma ba wanda zai ce bai ci ribar sana'a ba.

Abin da nake ji maka shi ne ka ɗauka don ka iya makirfo ka iya kyamara. Ni nake zaune bayan gilashi ina kallonka kullum. Idan ka shiga ɗakin ɗauka sai ka rufe ido, ka dafe abin sauraro da hannun hagu, ƙafarka tana ƙirga kiɗa. Idan ka kuskure a baiti na biyu, nan kawai nake yankewa mu sake, in ɗinke maka yadda ba mai ganewa. A gaban kyamara idon da kake rufewa shi ne jarinka. Kuma mafi wuyar aikin ba lokacin da kake magana ba ne, lokacin da abokiyar wasanka take magana ne kai kana shiru. Mawaƙi ya saba shi ake saurare. Sai ka ga an ba shi sin, wato fitowa ɗaya a cikin fim, yana tsaye ƙiƙam yana jiran layinsa, leɓensa har motsi yake yana bitar abin da zai faɗa. Mai kallo a gida nan take yake ganewa.

Wuri ɗaya za ka fi sauran 'yan wasa, wato wajen mamin, inda jarumi yake bin waƙar da aka riga aka ɗauka da bakinsa. Kai ka san inda ake jan numfashi a waƙa, bakinka ba zai saɓa da murya ba. Kada wannan ya ruɗe ka, minti biyar ne a cikin fim. Sauran kuwa sai ka koya: tsayawa daidai inda aka yi maka alama a ƙasa, maimaita motsi iri ɗaya idan an juya kyamara, tuna hannun da ka riƙe kofi da shi a ɗaukar farko. Ka gaida darakta, ka gaida mai haske da mai kwantinuwiti, wato mai lura kada wata ɗauka ta saɓa da wata, ka zauna kusa da dattawan da suke fitowa iyaye, ka ga yadda suke cika sin ba tare da ɗaga murya ba.

Sai maganar maƙogwaro, ita ta fi damuna. Na taɓa yin wani yaro a nan, muryarsa garau kamar ƙararrawa. Ya tafi lokeshan cikin hunturu, aka ba shi sin na faɗa, ya yi ta ihu a cikin ƙura ana sakewa har dare, ya kora da ruwan sanyi. Ya dawo mini murya a dishe, ga bikin da ya karɓi kafin alƙalami saura kwana uku. Da hannuna na raka shi muka mayar wa mutane kuɗinsu, yana hawaye. Ka riƙa tafiya da fulas ɗin ruwan ɗumi da citta, kuma kada ka yarda a haɗa maka ranar ɗauka da jajibirin wasan biki.

Kuɗi kuma ka yi maganarsa tun kafin a kunna kyamara. Sabon shiga ba wani abin kirki ake ba shi ba, abin da kake samu a biki ɗaya zai iya fin na kwanakin da za ka yi a can. Sau da yawa ma waƙarka ake so, fuskar ƙari ce. Idan za su sa waƙarka a fim ɗin, a rubuta a takarda wa ke da ita, wa zai ɗora ta a YouTube, ka kawo mini in duba kafin ka sa hannu. Ka kuma tabbata rajistarka da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan daram.

Ranar Laraba ka zo da labarin da suka ba ka, ni zan karanta layin yarinyar, in ga yadda kake saurare. Daga nan mu koma kan waƙar amaryar nan, baiti na uku har yanzu bai zauna a kan kiɗa ba.